Gurguwar Wuta: Haɗarin Da Ke Tsakanin "An Kawo" Da "An Ɗauke"

Wani dare cikin bazara muna zaune a tsakar gida muna shan iska, sai ƙwan lantarkin da ke saman ƙofar ɗakina ya yi wani irin haske fari fat wanda ban taɓa ganin ya yi ba. Yara suka hau murna, wai yau wuta ta zo da ƙarfinta. Kafin su rufe baki ƙwan ya fashe, fanka ta ɗauki gudu tana ƙugi, sai ƙaurin roba ya biyo baya daga inda firji yake. Da na fito ƙofar gida na tarar da maƙwabcina tsaye da tocila a hannu, shi kuwa kukansa daban ne: ƙwayayen gidansa sun yi ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Taransifoma ɗaya ke ba mu wuta, katanga ɗaya ce ta raba mu, amma ni ta yi mini yawa, shi ta yi masa kaɗan. Washegari mai gyara ya gano cewa wasu ɓata-gari ne suka yanke waya guda a gindin taransifomar saboda kwaɗayin jan ƙarfen da ke cikinta. Waya ɗaya tak, amma gidaje da dama a unguwar sun yi asarar talabijin da firji da caja a cikin 'yan mintoci.

Abin da ya fi tsaya mini a rai bayan asarar shi ne, da muka taru muna jajanta wa juna babu wanda ya iya kiran abin da ya same mu da sunansa. Game da lantarki kalmomi biyu kawai muka riƙe, wato "an kawo" da "an ɗauke". Idan an matsa mu ƙara da "ba ta da ƙarfi". Alhali kuwa tsakanin kawowa da ɗaukewa akwai wani fili mai faɗi, kuma a cikinsa ne ake yin mafi yawan asarar dukiya da ta rayuka. Injiniyoyi suna da suna ga abin da ke faruwa a wannan fili: tangarɗar da ba ta shafi layukan wuta daidai wa daida ba. Ni dai a wannan rubutu zan kira ta gurguwar wuta, domin tafiyarta ta mai ɗingishi ce, ƙafa ɗaya ta taka da ƙarfi ɗaya ta ja.

Domin mai karatu ya fahimci yadda abin yake, sai ya ɗaga kai ya ƙirga wayoyin da ke kan falwayar ƙofar gidansa. Manyan da ke can sama guda uku ne. Ƙananan da ke ƙasa da su, waɗanda ake jan wuta zuwa gidaje daga jikinsu, yawanci huɗu ne. Wannan ukun ba ado ba ne. Tun daga injinan da ke Kainji da Jebba da Shiroro wutar take fitowa a layuka uku, haka take hawa manyan turakun ƙarfe da ƙarfin bolt 330,000 ko 132,000, haka take sauka zuwa 33,000 da 11,000, har ta iso taransifomar unguwa wadda ke mayar da ita kimanin bolt 230 tsakanin kowane layi da waya ta huɗu, da kimanin 400 tsakanin layi da layi. A kowane layi wutar tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa ɗaya, sai dai ba tare suke tashi ba. Kowane yana bin bayan ɗan'uwansa da tazarar kashi ɗaya cikin uku na zagaye.

Duk wanda ya taɓa ganin mata uku suna lugude a turmi ɗaya ya riga ya ga wannan tsari. Wannan ta jefa taɓarya, tana ɗagawa waccan ta jefa, ta ukun ta biyo, tazara daidai, ba karo ba jira. Muddin ƙarfinsu ɗaya ne kuma kowacce ta kiyaye lokacinta, turmin ba ya motsi. Haka lantarki yake: idan nauyin da ke kan layukan uku ya yi daidai, abin da wannan ya tura shi waɗancan biyun ke karɓa, don haka waya ta huɗu, wadda masu gyara ke kira nutiral, kusan zaman banza take yi. Aikinta yana tashi ne ranar da daidaito ya ɓaci, domin ita ce hanyar da rarar wutar ke bi ta koma taransifoma, kuma ita ce ke riƙe kowane gida a kan bolt ɗinsa 230.

Tangarɗa a irin wannan tsari gida biyu ce. Akwai wadda ke haɗe layukan uku gaba ɗaya a lokaci guda. Wannan tana da muni, domin wutar da ke kwarara a lokacin tana da yawan gaske, amma ba kasafai take aukuwa ba; littattafan injiniyanci suna ƙiyasta ta da kimanin kashi 5 cikin 100 na tangarɗun da ake samu. Kuma saboda girmanta na'urorin tsaro suna saurin ganinta su katse layin. Sauran kason duka na gurguwar wuta ne. Mafi yawa, kusan kashi 70 cikin 100 ko sama da haka, layi ɗaya ne ke taɓa ƙasa, ko ta hanyar reshen bishiya, ko tsawa, ko fashewar tangaran ɗin da ke riƙe waya. Sai layi biyu su taɓa juna, kamar yadda ake gani idan iska ta kaɗa wayoyin da suka saki. Sai layi biyu su haɗu su taɓa ƙasa. Akwai kuma tsinkewar layi ɗaya ko biyu sauran su ci gaba da aiki. Ashe ke nan abin da muke ɗauka baƙon al'amari shi ne ɗan gida.

Lissafin irin wannan hargitsi ya daɗe yana ba masana wahala, har zuwa shekarar 1918 da wani injiniya haifaffen Kanada mai aiki da kamfanin Westinghouse a Amurka, Charles Fortescue, ya gabatar da wata maƙala da ta zama tushen wannan fanni. Abin da ya nuna shi ne, duk yadda layukan uku suka karkace, ana iya warware su zuwa tsari uku masu daidaito. Idan muka koma ga turminmu, na farko shi ne luguden da aka saba, ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Na biyu lugude ne da aka juya, ta ɗaya, ta uku, ta biyu. Na uku kuwa dukan taɓaren ne ke sauka a lokaci guda. Wuta lafiyayya na farkon kawai take ɗauke da shi. Da zarar na biyu ko na uku ya bayyana, to akwai matsala, kuma kowanne da irin ɓarnarsa. Juyayyen lugude shi ne ke jan inji baya alhali yana ƙoƙarin yin gaba, ƙarfin ya koma zafi. Mai sauka tare kuwa ba ya tafiya sai ya sami hanyar komawa ta nutiral ko ta cikin ƙasa, kuma shi ne na'urar tsaro ke saurare: tana haɗa abin da ke gudana a layukan uku, idan jimillar ba ta tashi sifiri ba ta san wuta na zurarewa wani wuri. Fiye da shekara 100 ke nan ana kare layukan duniya da wannan hikima.

To, yaya gurguwar wuta take zuwa mana a unguwanni? Fuskarta ta farko ita ce wadda muke kira rabin wuta. A saman taransifoma akwai fis guda uku, ɗaya ga kowane babban layi. Idan ɗaya ya ƙone biyu suka rage, taransifomar ba ta mutuwa. Saboda yadda aka naɗa wayoyin cikinta, layi ɗaya daga cikin na gidaje zai ci gaba da samun cikakken ƙarfi, sauran biyun kuwa su raba ƙarfi ɗaya a tsakaninsu, kowanne ya tashi da kusan rabi. Shi ya sa za ka ga gida ɗaya tar da haske, na kusa da shi kuma ƙwansa na lumshe ido. Firjin da aka bari a kan irin wannan wuta yana ta yunƙurin tashi ya kasa, yana jan wuta yana ɗumama, har ya ƙone.

Fuska ta biyu mu ne da kanmu muke ƙera ta. Da wuta ta raunana a layinmu sai a aika yaro ya zare fis daga wannan rami ya soka a wancan, ko a kira wani mai ƙarfin hali ya hau falwaya da tsani ya mayar da wayar gidan kan layin da ke da ƙarfi. Kowa ya yi haka, kafin awa guda rabin unguwa ta tare a kan layi ɗaya. Layin ya ɗauki nauyin da aka tsara wa uku, nutiral ta cika ta yi zafi, fis ya ƙone. Maimakon a sa fis mai daidai awo, sai a naɗa waya mai kauri a madadinsa "don kada ya sake ƙonewa". Fis kuwa an yi shi ne domin ya mutu a madadin taransifoma. Ranar da aka hana shi mutuwa, taransifomar ce za ta mutu, sai a koma karo-karon kuɗi da watanni a duhu. Kowa ya ɗebo da zafi, in ji Hausawa, bakinsa. Sai dai a nan bakin unguwa ne baki ɗaya.

Fuska ta uku ita ce wadda ta same mu a daren da na ambata. Idan nutiral ta tsinke, ko mahaɗinta ya yi tsatsa ya saki, ko ɓarawo ya yanke ta, babu sauran abin da ke riƙe gidaje a kan bolt 230. Gidajen da ke layuka daban-daban sai su koma kamar masu hawa sikeli ɗaya: ɓangaren da ya fi kaya ya yi ƙasa, wanda ba shi da kaya ya yi sama. Gidan da ya kunna rediyo da ƙwai biyu kawai zai iya ganin ƙarfin da ya doshi 400, shi kuwa mai dutsen guga da tukunyar lantarki ya ga wutarsa ta dusashe. Abin takaicin shi ne, mai tsimin wuta shi ne ya fi shan kashi.

Masu sana'a su ma suna ɗanɗana kuɗarsu. Injin niƙa, injin casar shinkafa, injin jan ruwa na rijiyar burtsatse, da injinan masana'antu, mafi yawansu da layuka uku suke aiki. Idan layi ɗaya ya ɗauke suna cikin gudu ba sa tsayawa nan take. Suna ci gaba da juyawa suna gurnani, wayoyin cikinsu na dahuwa. Ba ma sai layi ya ɗauke ɗungurungum ba. Ƙa'idar da masu ƙera injina ke aiki da ita tana cewa bambancin kashi 3.5 cikin 100 kacal a tsakanin ƙarfin layukan yana ƙara ɗumamar inji da kimanin kashi 25 cikin 100, kuma duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage kusan rabin kwanan rufin da ke jikin wayoyinsa. Mai inji zai ce kayan zamani ne ba su da ƙarko, ya kai wa masu naɗin waya ya biya, ya dawo ya ɗora shi a kan wutar da ta kashe shi tun farko.

Fuska ta huɗu ta fi duka muni, domin ita rai take ci. Mutane da yawa sun ɗauka idan babbar waya ta tsinke ta faɗo ƙasa wutar cikinta ta tafi ke nan. Ba haka ba ne. Na'urar tsaro tana katse layi ne idan ta ga wuta mai yawa tana zurarewa. Busasshen yashi da kwalta da tsakuwa kuwa ba sa barin wuta ta ratsa su sosai, don haka abin da ke zurarewa bai kai ya tayar da na'urar ba, waya ta zauna a ƙasa shiru da cikakken ƙarfinta. A ƙasa irin tamu da ke shafe watanni ba ɗigon ruwa wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Kuma ba sai mutum ya taɓa wayar ba. Ƙarfin wutar yana bazuwa a cikin ƙasa yana raguwa da nisa, ta yadda ƙafar da ke gaba da wadda ke baya za su tsaya a kan ƙarfi mabambanta, wutar ta shiga ta ɗaya ta fita ta ɗaya. Wannan ne dalilin da ya sa shanu da jakuna, masu tazara tsakanin ƙafafu, suka fi saurin faɗuwa. A ranar 20 ga Afrilun 2017 babbar waya ta faɗo a kan wani gidan kallon ƙwallo a Kalaba ana tsakiyar kallon wasan Manchester United da Anderlecht, 'yan sanda suka tabbatar da mutuwar mutum 7. Mai karatu ya dubi kasuwanninmu da tashoshinmu ya ƙirga rumfunan kwano nawa ne ke ƙarƙashin irin waɗannan wayoyi.

Yanayinmu ma yana da nasa hannun. Hunturu yana shafe tangaran ɗin falwaya da ƙura. Ƙura busasshiya ba ta da illa sosai, amma da raɓa ko yayyafin farko ya jiƙa ta sai ta zama hanya, wuta ta yi tsalle daga waya zuwa ƙarfen turke. Sannan ga guguwar farkon damina da ke kaɗa rassan darbejiya da mangwaro a kan layi. Ba banza ba hadari na haɗowa wuta ke ɗaukewa. A gefe guda kuma, ƙarfen da aka binne a gindin taransifoma ko a bayan gida domin ya kai ɓatacciyar wuta ƙasa yana rasa ingancinsa idan ƙasar ta bushe ƙayau. Wanda ya auna shi a watan Agusta ya ce lafiya lau, ya dawo a watan Maris ya sake aunawa.

Kada a ɗauka wannan ciwo na ƙasashe matalauta ne kawai. A ranar 14 ga Agustan 2003 wasu manyan layuka a jihar Ohio ta Amurka suka yi zafi suka saki har suka taɓa bishiyoyin da ba a sare ba. Na'urar gargaɗi a ɗakin lura ta riga ta samu matsala, ma'aikata ba su ankara ba. Layi ya fita, nauyinsa ya koma kan na kusa, shi ma ya fita, kafin yamma mutum kimanin miliyan 50 a Amurka da Kanada suna cikin duhu. Darasin shi ne, reshe ɗaya a kan waya ɗaya yana iya durƙusar da ƙasa idan babu mai sare shi kuma babu mai lura. Bambancinmu da su shi ne sun bi diddigin abin, suka mayar da ƙa'idojin kula da layuka doka mai hukunci.

A nan ne nake ganin muhawararmu ta lantarki ta gaza. Tun zamanin NEPA da aka kafa a 1972, zuwa PHCN a 2005, zuwa miƙa rarraba wuta ga kamfanoni 11 a 2013, abu biyu muke ƙirgawa: megawat nawa aka samar, awa nawa aka ba mu. Ko da aka ƙara wa 'yan rukunin A kuɗin wuta a watan Afrilun 2024, alƙawarin da aka yi musu na awa 20 ne a rana. Awa kuwa tsawon lokaci take aunawa, ba lafiyar abin da aka kawo ba. Awa 20 ta gurguwar wuta ta fi awa 10 ta lafiyayya tsada, domin ta farkon sai ka biya kuɗinta sannan ka biya kuɗin abin da ta ƙona. Akwai hukumar NERC mai tsara harkar, akwai NEMSA mai duba ingancin kayan aiki da haɗin wayoyi, kuma dokar lantarki ta 2023 ta buɗe wa jihohi ƙofar kafa nasu hukumomin. Ya kamata duk mai riƙe da wannan amana ya riƙa tambayar kamfanoni bambancin nauyin da ke tsakanin layukan kowace taransifoma, da yawan waɗanda suka ƙone da dalilin ƙonewarsu, ba yawan awoyi kaɗai ba.

Mafi yawan maganin ba ya buƙatar sabuwar tashar wuta. Kamfanoni su riƙa auna nauyin layukan taransifoma da daddare lokacin da kowa ya kunna kayansa, su rarraba gidaje daidai. A sare rassa a ɗaure wayoyin da suka saki kafin damina, ba bayanta ba. A sa fis mai awo, a gwada na'urorin tsaro, a auna ƙarfen ƙasa da rani. Masu unguwanni da kwamitocin matasa su ɗauki taransifoma a matsayin dukiyar kowa, su hana hawa falwaya, su sa ido a kan masu sayen jan ƙarfen da ba a san asalinsa ba. Mai inji ya sayi 'yar na'urar da ke kashe injinsa da zarar layi ɗaya ya fita. Kuɗinta bai kai na naɗin waya sau ɗaya ba. Magidanci ya sa mai katse wuta idan ta haura ko ta gaza ƙima. Idan ka ga ƙwai ya yi haske fiye da kima ko ya dusashe haka kawai, kashe babban makunnin gidan tukuna kafin ka fita tambaya. Idan ka ga waya a ƙasa, ka ɗauka tana da rai, ka tsaya nesa da ita aƙalla mita 10, ka hana yara da dabbobi matsowa. Idan kuwa ta faɗo kusa da kai, kada ka ruga da dogon taku. Haɗe ƙafafunka ka ja su a hankali ba tare da ka raba su ba har ka yi nisa.

Sai kuma abin da na fara da shi, wato suna. Wanda ya je ofishin wuta ya ce "wutarmu ba daidai take ba" bai ba ma'aikaci abin kamawa ba. Wanda ya ce "layi ɗaya ya fita a taransifomarmu", ko "muna zargin nutiral ta tsinke, domin wasu gidaje ta yi yawa wasu ta yi kaɗan", ya riga ya yi rabin binciken, kuma ya nuna ya san haƙƙinsa. Gidajen rediyonmu da ke shafe awoyi a kan siyasa za su iya ware minti 10 a mako su zauna da injiniya ya bayyana waɗannan abubuwa da Hausar da mai niƙa da mai walda za su gane. Rashin sani, an ce, ya fi dare duhu. A wannan fage ma ya fi shi, domin duhun ɗauke wuta kwana ɗaya ne ko biyu, amma yaron da ya taka ƙasa kusa da wayar da kowa ya ɗauka matacciya ce ba ya dawowa. Ranar da yaranmu suka ga ƙwai ya yi fari fat suka ruga wajen makunni maimakon su yi tafi, ranar ce za mu ce mun fara sanin wutar da muke kwana da ita.